Shagon tsofaffin littattafai na Samaru

Ɗalibin adabi da ke neman littattafai kan zuwan 'yan mishan Afirka, ya kamata ya leƙa ɗan shagon tsofaffin littattafan nan na Samaru, kusa da jami'a. A nan na samu Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, da sauƙin kuɗi, bangonsa lafiya lau.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne dattijon mai shagon. Muna maganar yadda a littafin coci ta fara da jawo waɗanda al'ummar Ibo ta ware, har ta raba uba da ɗansa, sai ya ce, "Ɗana, ka je Wusasa ka gani da idonka." Ya ba ni labarin Likita Miller, Baturen mishan, da komawar mishan can Wusasa daga cikin birnin Zariya a 1929, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Makaranta da asibiti sun zo, gidaje kuma sun rabu, ya faɗi duka biyun bai ɓoye ba.

Wurin akwai ƙura da ƙunci, littattafan Hausa kuma kaɗan ne, wannan ya dame ni. Ku je da safe, kafin ɗalibai su cika shi.