Wata biyar da Linux Mint a tsohuwar kwamfutar gidanmu

Kwamfutar gidanmu laftof ce ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Beljiyam. A nan Gombe na saye ta, shekara shida ke nan. Core i5 ce ƙarni na huɗu, RAM ɗinta giga 4. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, uwargida na lissafin ɗinkinta da adashi a kanta, ranar Asabar kuma yara su yi ta rububinta. Ba ta taɓa lalacewa ba, sai dai nauyi. A ƙarshen bara ta kai in na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba.

Ana cikin haka wa'adin Windows 10 da ke kan kwamfutar ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. A lokacin an ba da ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, aka ce bayan nan shi ke nan. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, tawa ba ta cikin wannan sahu. Da na kai ta wajen masu gyara, shawara biyu aka ba ni: ko in sayi wata, ko a ɗora mini sabuwar ta bayan fage, a haɗa mini da manhajojin da aka fasa makullinsu. Kuɗin sabuwa babu. Shawara ta biyun kuma ta taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun ranar da na sayi kwamfutar na san manhajar rubutun da ke cikinta ba ta da lasisi. Kullum ina gaya wa yara a aji cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don mai shi yana nesa ko don yana da arziki, sannan in dawo gida in yi aiki da abin da ban biya ba. Raina bai taɓa kwanciya da hakan ba.

Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ne ya zo gaisuwa ya tarar ina wannan zance. Ya ce, "Baffa, ai akwai wadda masu ita da kansu suka ce kowa ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya ba wani." Na ce to me suke ci a ciki? Ya zauna ya warware mini. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyar Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a 1991, ya sake ta a fili kowa na iya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya ƙara. A kanta aka gina Ubuntu a 2004, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa, a kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint tun 2006. Wasu kamfanoni na samun kuɗi ta hanyar yi wa manyan ma'aikatu hidima, wasu kuma, kamar masu Mint, gudummawar jama'a ce da ta masu ɗaukar nauyi ke riƙe da su. Kyautar tana rubuce a cikin lasisin, ba dabara ba ce. Wannan shi ne ya fara jawo hankalina, kafin maganar sauri.

Fayil ɗin ya kusa giga 3, da datar dare muka sauke shi. Ya zuba shi a filashi, muka kunna kwamfutar daga filashin ba tare da an taɓa komai na cikinta ba. Wannan gwaji ya burge ni ƙwarai: ka ga kaya, ka juya shi, ka ji sauti, ka gwada madannai, in bai yi maka ba ka zare filashi ka koma inda kake. Muka kwashe hotuna da takardu zuwa wata ma'ajiya, sannan ya ɗora Linux Mint 22, samfurin Xfce, wanda ya ce shi ya fi sauƙi ga inji mai ƙaramin ƙarfi. Za a ci gaba da aiko masa gyaran tsaro har 2029.

Yanzu kafin in gyara zama ta tashi. Fankar da ke ta huci a da ta lafa. Batir dai yana nan yadda yake, in an ɗauke wuta awa ɗaya da 'yan mintuna ne, tsufa ne ba manhaja ba. Fuskar ba baƙuwa ba ce, maɓallin farawa na ƙasa daga hagu inda hannu ya saba, don haka uwargida ba ta nemi darasi ba. Sabuntawa kuma sai na ga dama. Alama ce kawai ke fitowa a gefe, in bar ta sai dare lokacin da data ke araha. Wanda ke jona kwamfuta da wayarsa ya san darajar wannan.

Inda na fi jin daɗi shi ne maganar filashi. Duk malamin da ke kai aiki shagunan buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Sau biyu tana cinye mini tambayoyin zango guda. An rubuta ta ne don Windows, a kan Linux ba ta iya motsi. Ina soka filashin sai in ga fayilolinta a zube, in goge su, in ciro takarduna daga inda ta ɓoye. Yanzu abokan aiki biyu na kawo mini nasu in wanke musu. Ba wai Linux ba ta da maƙiya ba ne, kalmar sirri da sabuntawa suna nan dole, amma wannan ciwon kai dai ya bar gidana.

Akwai madannan Hausa a cikin saituna, ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai. Na ƙara na Larabci saboda tambayoyin Islamiyya, sai dai a LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ta maye mana gurbin Word da Excel, sai da muka kunna wani zaɓi kafin rubutu daga dama zuwa hagu ya zauna.

Wahala ma an sha. Ranar farko Wi-Fi bai tashi ba, sai da muka jona waya da igiya muka sauke direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki. Tsohuwar firintata ta ɗauke mu yamma guda, har yau kuma ɓangaren sikana nata bai yi ba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, yana kuma ajiyewa a tsarinsu, amma takarda mai tebura da yawa takan goce in an buɗe ta a wata kwamfutar. Na taɓa kai tambayoyi shafi huɗu suka fito biyar. Yawanci rashin irin haruffan ne ke jawo haka. Da muka sa salon haruffa na Carlito, wanda faɗinsa ɗaya da Calibri na Word, abin ya ragu sosai, kuma yanzu duk abin da za a buga sai na mayar da shi PDF kafin in fita. WhatsApp ta burauza muke shiga, don ba shi da manhajar Linux ta kansa.

Wadda abin ya fi shafa ita ce 'yata mai shirin JAMB. Manhajar gwajin da take amfani da ita ta Windows ce. Mun gwada ta da Wine, wata manhaja da ke ɗaukar wasu kayan Windows, ta buɗe amma ta riƙa tsayawa a tsakiya. Ta ce, "Abba, da ka bari sai bayan jarrabawa." Gaskiyarta ce, ban tambayi kowa abin da yake yi da kwamfutar ba kafin in sauya. Ta koma yin gwajin a wayar mahaifiyarta, ranar Asabar kuma tana zuwa cibiyar gwaji don hannunta ya saba da linzami.

Saboda haka ba kowa zan ce ya bi ni ba. Mai zanen katin biki ko allon talla da CorelDRAW ko Photoshop, waɗannan ba su da samfurin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, kuma mai sana'a ba ya da wannan lokacin a tsakiyar aikin mutane. Wanda kuwa aikinsa rubutu ne, da lissafi, da intanet, da kallon karatu, kuma injinsa ya tsufa, ina ganin asara ce ya jingine shi bai gwada wannan filashin ba. Ni ban yi nadama ba, kuma in an mayar da ni baya zan sake, sai dai in jira yarinya ta gama jarrabawa.

Maƙwabcina a Tudun Wada ya ce in turo masa ɗan ƙanen nawa ya duba tasa ranar Lahadi. Na ce ya fara rubuto mana duk manhajojin da shi da iyalinsa ke buɗewa a mako, ya kuma zo da firintarsa mu gwada ta daga filashi tukuna.