Zaɓen Matashin Roba Don Girke Inji: Wace Dahuwa Ta Fi Jure Nauyi?

Duk wanda zai sayi matashin roba da za a girke janareta ko famfo a kansa, ya kamata ya fara tambayar yadda aka dafa robar kafin ya tambayi taurinta, domin matasai biyu masu tauri ɗaya kan sha bamban ƙwarai bayan sun shekara ɗauke da nauyi. Ɗanyar roba dogayen zarurruka ce masu zamewa a kan juna, kuma dahuwa da farar wuta, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, ita ke ƙulle su wuri guda. Ko bayan ƙullin, roba takan ci gaba da lotsawa sannu a hankali, har wata rana a tarar inji ya karkata, bel yana cin gefe ɗaya.

Dahuwar da aka saba, wadda takardun masana'anta ke kira CV, tana ɗaukar farar wuta kashi 2 zuwa 3.5 a kan kowane kashi 100 na roba. Ƙullinta dogaye ne, suna kwancewa su sake ɗaurewa a wani wuri, shi ya sa take jure girgiza da lanƙwasa ba tare da saurin tsagewa ba. Sai dai wannan halin ne kuma aibinta: idan zafi ya haɗu da nauyi, ƙullin yakan sake ɗaurewa alhali robar tana danne, ta zauna a lotse ke nan.

A dahuwar da ake kira EV kuwa, farar wutar ba ta kai kashi 1 ba, sai a yawaita sinadarin da ke gaggauta dahuwa, ƙullin ya fito gajere mai jure zafi. Ga injin da ke zaune a ɗaki mai zafi, a ganina ita ce ta fi cancanta, ko da yake ba ta kai CV jure yawan lanƙwasa ba. Dahuwar feroksaid, wani sinadari da ake sawa a madadin farar wuta, ta fi su duka riƙe siffa a cikin zafi, amma tana da saurin yagewa.

Tauri kaɗai yana iya yaudarar mai saye, tunda ana samar da shi ta hanyar ƙara baƙin garin kabon, wanda shi kansa yana ƙara saurin lotsawa. Abin da ya dace a nema wurin dillali shi ne sakamakon gwajin ISO 815, inda ake danne roba da kashi 25 cikin 100 na kaurinta a cikin zafi, a sake ta, sannan a auna abin da ya ƙi komowa. A tabbata kuma zafin gwajin ya yi daidai da wanda injin zai yi aiki a cikinsa.