Kafin ka biya kuɗin kyamara, duba yadda take awon haske

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ya san wannan takaicin. Mahayi ya sha farar babbar riga da farin rawani, rana ta take, ka danna, sai riga ta fito ruwan toka, fuska kuma ta dulmiye cikin duhu. Mitar awon haske da ke cikin kyamara ce ta ruɗe. An gina ta ne ta ɗauki duk abin da ta gani a matsayin launin toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske, don haka fari ya yi yawa sai ta rage haske, baƙi ya yi yawa sai ta ƙara.

Awon haske a kyamara iri-iri ne. Awon duka, mai auna hoton gaba ɗaya, shi ne wanda kyamara ke zuwa a saite a kansa daga kamfani. Canon na kiransa Evaluative, Nikon kuma Matrix, kuma Nikon FA ta 1983 ce ta fara kawo irinsa. Yana raba hoton gida-gida ya yi lissafi. Ga hoton taron suna a inuwar rumfa, ko tsaunukan hanyar Dass da hantsi, ya wadatar. Awon tsakiya kuwa tsohon hannu ne, ya fi kula da tsakiyar hoto, kuma halinsa ɗaya kullum.

Inda kuɗinka zai yi magana shi ne awon ɗigo, wanda ke auna ɗan wuri ƙanƙani, misali kumatun amarya da taga ke bayanta. A nan mutane ke yin sayen da-na-sani. Canon 1300D da 2000D da 4000D, waɗanda arha ke ja wa masu farawa, ba su da shi sam. Abin da suke da shi Partial ne, mai auna kusan kashi 10 na tsakiya, wanda ya yi faɗi ga fuskar mahayi daga nesa. Tsohuwar 600D da 700D suna da awon ɗigo, sai dai a tsakiya yake kafe: ka auna, ka kulle awon da maɓallin da ke da alamar tauraro, sannan ka gyara tsayuwar hoto. Nikon D3300 da D3500 kuwa ɗigonsu na bin duk inda ka sa ɗigon saitin gani (focus), wato inda kake so hoto ya fito tangaram. Ga mai bin doki a guje, ni dai na fi son wannan, ko da kyamarar ta gwanjo ce.

Mai aikin dina da kamu, inda fitila ke dukan leshi mai walƙiya, ya nemi awon da ke kare wurare masu haske. Nikon D750 da D810 na 2014 suna da shi. In kuwa aljihu ya kai kyamara marar madubi (mirrorless), kana ganin hasken hoto kafin ka danna, rabin wannan ciwon kai ya tafi.

A shago kada ka yarda da gwaji cikin ɗaki. Fita da ita rana, ka tsayar da wani mai farar riga, ka ɗauka da kowane awo, ka ga taki nawa na haske sai ka ƙara da hannunka kafin fuskarsa ta fito.