Aikin tiyata da haƙoran roba a wani asibitin haƙori a Kano: ra'ayina

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai bakinsa a Kano, wani ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa da ke saman bene a yankin Tarauni nake nuna masa, amma da sharaɗi biyu. Ya tafi da haƙurin jira, kuma ya sa a rubuta masa lissafin aikin gaba ɗaya kafin ya hau kujera. Ban kama sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma ba tallan kowa nake yi ba.

Ni malamin firamare ne, da yamma kuma ina koyar da karatun Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu. Bara babur ya kaɗe ni, haƙorana biyu na gaba na sama suka karye daidai dasashi, saiwoyin suka maƙale a cikin ƙashi. Ga kuma wani turmi na ƙasa da ya daɗe da kogo yana ba ni wahala. Ga wani, giɓin gaba maganar kyan fuska ce kawai. Ni kuwa aikina ya taɓa, domin harafin fa'un daga leɓen ƙasa da bakin haƙoran sama yake fita, zalun da sa'un mai ɗigo uku kuma sai kan harshe ya taɓa waɗannan haƙoran. Yaran da nake gyara wa karatu suka koma suna jin iska tana tsere mini a tsakiyar aya.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitar ba ta ɗauki ƙarfe ba a zuwan farko. Ta tambaye ni ko ina da ciwon suga ko hawan jini, ko ina shan maganin da ke tsinka jini, ko ina shan taba. Aka ɗauki hoton muƙamuƙi, ta juyo da kwamfutar ta nuna mini saiwoyin. Sannan ta ce: "Malam, kafin mu cire, mu fara yanke shawarar abin da za mu mayar a wurin. Ƙashin da ke riƙe da haƙori yana fara zaizayewa da zarar an cire saiwa, kuma a watanni 3 zuwa 6 na farko ya fi saurin raguwa. Yadda zan yi aikin ya danganta da abin da kake so daga baya." Ban taɓa jin wannan a bakin kowa ba. Mu abin da muka sani shi ne haƙori ya dame ka, a fizge shi, ka huta. Wannan zaman na farko shi ne dalilin da ya sa nake tura mutane wurin.

Aikin da kansa bai kai yadda nake tsoro ba. An yi mini allurar kashe wuri, leɓe da dasashi suka yi nauyi, ta tsaga dasashin kaɗan ta zaro saiwoyin, ta ɗinke. Za ka ji ana danna ka ana girgiza, za ka ji ƙarar inji, amma ba zafi. Na lura a gabana ma'aikaciyar jinyar ta yage ledar da aka rufe kayan aikin bayan an gasa su a na'ura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu cire haƙori a bakin kasuwa da filaya ɗaya suke bin bakin mutum goma, ta nan ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suke iya samun hanya. Turmin na ƙasa sai a wani zama aka cire shi, don kada baki ya rasa gefen tauna.

Jinyar bayan aiki ita ce inda na fi son in tsaya, domin a nan mutane suke shan wahala. A ramin da aka cire haƙori jini yana daskarewa ya zama gudaji, wannan gudan shi ne murfin da ke kare ƙashi har nama ya tsiro. Duk dokokin da ake ba ka, kare shi ake yi. Ka cije audugar da aka sa maka na minti 30 zuwa 45 ba tare da kana buɗe baki kana dubawa ba. Awa 24 na farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba taba, ba abu mai zafi. Kada ka ci komai sai allurar ta sake ka, in ba haka ba ka tauna leɓenka ba ka sani ba. A kumatu ka riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 ka ɗauke, ka bari ya huta, ka sake. Da dare ka ƙara matashi kai ya ɗan yi sama.

Na tambayi likitar batun alwala, ta ce in zuba ruwa a baki a hankali in sunkuya ya zubo da kansa, kada in wujijjiga shi. Da ma a mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, don haka babu takura. Ta kuma gargaɗe ni cewa zan ji wurin yana bugawa idan na yi sujada a ranar farko, kuma haka aka yi, amma ya lafa. Na ji daɗi da ta amsa wannan tambaya ba tare da ta ɗauke ta ƙarama ba.

Bayan awa 24 sai ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a riƙe a baki a juya a hankali, musamman bayan cin abinci. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta 2 ko ta 3 sannan ya fara sauka, don haka kada ka firgita idan ka wayi gari kumatu ya fi jiya. An ba ni farasitamol da ibufurofen, aka hana ni asfirin saboda yana hana jini tsayawa. Mai gyambon ciki ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta masa ibufurofen. Abinci kuwa, kunun gyaɗa da koko da suka huce, nono, dafaffen dankali da aka murƙushe, daga baya tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji. Shinkafa tana shiga rami ta maƙale. Goro, aya, rake da ƙilishi sai dai a yi musu sallama na ɗan lokaci. Zaren ɗinkin bayan mako guda aka cire.

Na gaba sun warke lafiya. Turmin ƙasa ne ya ba ni aiki. Bayan 'yan kwanaki, lokacin da ya kamata ciwo ya ragu, sai wani zugi ya taso yana harbawa har cikin kunne, baki yana wari, magani ba ya taɓa shi. Na kira lambar da suka ba ni bayan sallar isha'i, aka ɗaga, aka ce in zo da safe. Likitar ta duba ta ce gudan jinin ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, kuma hakan ya fi faruwa a turamen ƙasa, yawanci tsakanin rana ta 2 da ta 4. Ta wanke ramin, ta cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari sak. Na ce mata: "Dakta, ai wannan shi ne abin da iyayenmu suke danna wa mai ciwon haƙori." Ta ce daga man kanumfarin ake samun sinadarin da ke cikinsa. Kafin in isa gida zugin ya kwanta. Ba su karɓi ko sisi ba a wannan dawowar. Ta kuma faɗa mini alamun da ba a jira da su: zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin da ke gangarowa wuya, ko wahalar haɗiya da numfashi. Irin wannan, in ji ta, kai tsaye sai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi.

Sai batun cike giɓin. Hanya uku ta shimfiɗa mini, kuma ban ga ta karkata ga mai tsada ba.

Dashe shi ne ta ce ya fi kama da haƙorin da Allah ya halitta. Ana ɗaura wani ƙaramin ƙarfe na titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora kan haƙori. Ba a taɓa maƙwabtan haƙora, kuma yana taimakawa ƙashin wurin ya rage zaizayewa. Ba sabon abu ba ne: wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya yi wa mutum na farko a 1965, mutumin kuma ya rayu da su sama da shekara 40. Sai dai yana buƙatar isasshen ƙashi, in babu sai an ƙara. Mai sugan da bai daidaita ba da mai shan taba sun fi fuskantar ya ƙi kamawa, kuma ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Kuɗin da aka faɗa mini na guda ɗaya ya fi albashina na watanni, inshorar lafiyar da nake ciki kuma ba ta biyansa.

Gada ita ce a fere haƙoran da ke gefe da gefen giɓin, a sa musu hula, na ƙaryan su rataya a tsakiya. Ba a cirewa, tana da kyan gani, kuma ta fi dashe sauƙin kuɗi da sauri. Amma likitar da kanta ta ce: "Malam, haƙoranka na gefe lafiyayyu ne, ba kogo ba tsaga. Ba na son in fere su, don abin da aka fere ba ya dawowa." Wurin da zai ci kuɗinka ya hana ka aiki mai tsada saboda maslaharka, ni ya sami amincewata. Na tuna da yadda wasu alhazanmu suke bari a fere lafiyayyen haƙori don sa haƙorin Makka, ba wanda ya yi musu wannan bayani.

Don haka na roba na sa, wanda ake cirewa a mayar. Aka cika wani faranti da abu mai kama da ƙulli aka danna a bakina don ɗaukar awo, aka gwada launi da sauran haƙorana, aka tura wa mai ƙerawa. A nan ƙorafina na farko yake. An wuce ranar da aka yi mini alkawari ba tare da an kira ni ba, sai da na je na tarar bai iso ba. Da ya iso kuma ya fi haƙorana fari sosai, daga nesa za a gane. Na nuna rashin gamsuwata, suka mayar aka sake ba tare da ƙarin kuɗi ba, na biyun ya saje.

Gaskiyar zama da haƙorin roba ita ce makon farko ba daɗi. Farantin yana rufe wani ɓangare na ganɗa, yawu ya yi ta taruwa, harshe ya rasa inda zai sauka. Ya goge mini dasashi a wuri ɗaya, na koma ta kankare shi cikin 'yan mintuna. Shawarar da ta ba ni ita ce in riƙa karatu da ƙarfi ni kaɗai, ni kuwa da ma ina da abin karantawa kullum bayan asuba. A hankali fa'un da zalun suka koma mazauninsu, kuma wannan shi ne abin da na je nema. Amma ba na gatsar rake ko ɗanyen karas da shi, sai na yanka in tauna da na baya. Da dare ana cire shi a wanke da burushi mai laushi da sabulu, a ajiye cikin ruwa mai sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi, kwana da shi kuma yana jawo kumburi da farin kurji a ganɗa. Bayan wasu watanni ya fara sako-sako saboda dasashin ya ja, kamar yadda ta faɗa tun farko, aka ƙara masa ciko ya sake kamawa. Wannan gyaran an biya shi daban.

Wannan ya kawo ni ga babban ƙorafina, wato lissafi. Kuɗin kati, na hoto, na tiyata, na magani, na awo, kowanne sai an zo kansa ake faɗa maka. Ba na zargin kowa da cuta, domin an ba ni rasit a kan komai. Amma mai albashi yana buƙatar ya san jimillar tun farko don ya shirya. Na ga wata dattijuwa da ɗanta suna shawara a bakin kanta bayan an gama mata aiki, kuɗin hannunsu bai kai ba, abin ya taɓa mini zuciya. Takardar dokokin jinya ma da Turanci kaɗai aka buga ta, alhali yawancin masu zama a bencin jira Hausa suke ji. Likitar tana bayani da Hausa mai kyau, amma mutumin da bakinsa ke cike da auduga ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa, takardar ce ya kamata ta tuna masa a gida. Ga jira: ko an ba ka ƙarfe 10, ka iya kaiwa azahar, don likita ɗaya ce. Matattakalar benen kuma tana da tsayi ga tsoho.

Wanda zai je ya karya kumallo sosai tun da ba za a sa shi barci ba, ya tafi da magungunan da yake sha a hannunsa, ya samu wanda zai rako shi ya saurari bayanin tare da shi. In da hali a zaɓi ranar Alhamis ko Juma'a, don kumburin ya faɗo a ƙarshen mako.

Gurbin turmin ƙasa har yanzu a buɗe yake. Likitar ta ce in aka bar shi shekaru, na kusa da shi zai karkato ciki, na samansa kuma ya zazzago tun da ba abin da yake cizawa. A nan ne nake son dashe, saboda wurin tauna ne kuma roba ba ta da ƙarfi a can. Na shiga adashe a makarantarmu saboda shi, kuma ta ce in koma a sake hoto a auna ƙashin kafin a sa rana.