Ajin Nazarin Littafi Mai Tsarki na WhatsApp: Ana Dariya, Ana Kuma Tsawatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren WhatsApp na coci ya san yadda suke lalacewa. A buɗe shi da niyyar nazarin Maganar Allah, kafin wata ya zagayo ya koma wurin hotunan furanni da barka da asuba, da saƙon nan na "tura wa mutum goma ka ga abin al'ajabi", da tallar atamfa. Ajin da nake ciki tun bara bai bi wannan hanya ba. A ganina kuwa, koyarwarsa ba ta fi ta sauran wurare wani fifiko na a zo a gani ba. Abin da ya riƙe shi shi ne yadda masu kula da shi suka iya barin mutane su yi raha ba tare da sun bari rahar ta cinye kowa ba. A kan haka zan fi yin magana, har da inda na ga suna tuntuɓe.

Mutum uku ne ke tafiyar da shi, duk aikin sa kai: wani fasto mai koyarwa a makarantar Baibul, wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Mama, da wani saurayi da ya san kan waya. Ba a biyan ko sisi, data kawai mutum zai ci. Da Hausa ake komai. Ni 'yar ɗariƙar ECWA ce, amma akwai 'yan sauran ɗariƙun coci: 'yan COCIN, da EYN, da HEKAN, da Angilikan, da 'yan Lutheran na Adamawa, da 'yan Katolika kaɗan, akwai kuma 'yan'uwa daga Maraɗi da wasu da aiki ya kai Ingila. Ranar Lahadi da yamma ake sa nassin mako. Da rana zauren a kulle yake, masu kula kaɗai ke iya rubutu, sai ƙarfe 8 na dare a buɗe zuwa 10, a ranakun Litinin da Laraba da Juma'a. Littafi ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe. Mun gama Markus da Ayyukan Manzanni, muka koma Fitowa, yanzu muna cikin Sarakuna. In za ka kawo aya, sai ka faɗi juyin da kake karantawa, domin akwai dattawan da ba sa rabuwa da tsohon juyi na 1932, mafi yawanmu muna riƙe da wanda ya biyo bayansa wajen 1980, matasa kuma sun fi buɗe Sabon Rai Don Kowa a waya. Wannan 'yar doka kaɗai ta kashe musu da yawa tun kafin a fara shi.

Kullewar rana ta ba ni haushi da farko. Daga baya na gane ita ce ta sa mutum ke iya buɗe zauren da dare ya tarar da abin karantawa, ba saƙonni ɗari uku na amin ba.

To, batun dariya. Faston nan yana da ra'ayin cewa akwai wuraren da nassi kansa yake ba da dariya, mu ne muka saba karanta shi da fuska a murtuke. Da muka zo Ayyukan Manzanni 20, inda saurayin nan Aftikos ya yi ta gyangyaɗi a bakin taga Bulus yana ta wa'azi har tsakar dare, ya faɗo daga hawa na uku, sai faston ya rubuta cewa shi dai ya gode wa Allah majami'arsu ba bene ba ce. Daren nan kowa ya fito da labarin barcinsa a sujada. Haka a sura 12, inda ikilisiya ke addu'a a saki Bitrus daga kurkuku, ga Bitrus a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, Roda mai aikin gidan don murna ta manta ba ta buɗe ba, masu addu'ar kuma suka ce mata ta haukace. An yi dariya sosai, sannan ya jefo tambaya: wa a cikinmu ya taɓa roƙon abin da bai sa rai zai samu ba? Amsoshin da suka biyo baya sun fi na kowane dare nauyi. Salonsa ke nan, ya bari a saki jiki tukuna. Da muka kai Fitowa 32, inda Haruna ke gaya wa Musa wai zinariya kawai ya jefa cikin wuta sai ga ɗan maraƙi ya fito, har yau in wani ya kawo uzuri maras kan gado a zauren, sai ka ga an rubuta masa: sai ga maraƙi.

Amma wargi wuri yake samu, masu kula ma sun sani. Saƙon da aka liƙa a saman zauren daga Karin Magana 26 yake, aya 18 da 19, inda aka kwatanta mai cutar maƙwabcinsa ya ce wasa yake yi da mahaukaci mai harba kibau da wuta. Ma'anarsa a aikace ita ce "wasa nake yi" ba ya wanke kowa. Kana iya yi wa kanka dariya, kana iya yi wa Haruna ko Bal'amu da jakinsa, amma ba ka taɓa ɗariƙar wani, ko ƙabilarsa, ko halin da yake ciki na rashin aure ko rashin haihuwa. Sitika mai hoton Yesu ko fuskar wani fasto ba ta kwana. Lokacin da muka karanta 2 Sarakuna 2, labarin samarin Betel da suka yi wa annabi Elisha ba'ar sanƙo, beyar biyu suka fito daga jeji suka yayyage su, wani dattijo mai sanƙo shi ya fara da kansa, ya ce a yi hattara da shi domin beyarsa na nan kusa. Kowa ya dara. Wani yaro ya ɗauko hoton dattijon ya zana masa beyar biyu ya sa a zauren, hoton bai yi minti biyar ba aka cire. Wasu sun ce ai dattijon ne ya fara. Mama ta amsa da layi ɗaya, cewa shi ya yi da kansa ne, bai ba da aron kansa ba. Na yarda da ita.

Dokar da ta fi kowace tsanani ita ce ta addinin maƙwabta. Ba'a ga Musulunci ko Musulmi, ko da ta sitika ce, fita ce kai tsaye. Mutane da yawa a ajin suna da kawu ko inna ko ma iyaye Musulmi, kuma duk wanda ke Arewa ya san abin da saƙon murya a zauren 'yan aji ya jawo a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda aka kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci. An ɗan ja da wannan doka da muka zo 1 Sarakuna 18, inda Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel, yana cewa su ɗaga murya ko allahnsu barci yake. Wani ya ce to ga annabi ma ya yi. Faston ya ce Iliya ya yi tasa gaba da gaba, shi kaɗai, ransa a hannu, a kan Isra'ilawa 'yan'uwansa da suka kauce, ba a bayan idon maƙwabci yana kwance kan katifa ba. Ya haɗa da Afisawa 5:4 da Kolosiyawa 4:6, masu gargaɗi kan kame baki, aka wuce.

Akwai abin da ya burge ni, wanda wata doka da aka kwafo daga wani wuri ba za ta iya ba. Wata Bakanuwa da wani Bazazzagi ɗan Wusasa kullum sai sun taɓa juna, ita ta ce masa bawanta, shi ya ce mata Kanawa ko a sujada lissafin riba suke. Wata 'yar'uwa da ta tashi a Legas ta kai ƙara, ta ce ga cin mutuncin ƙabila ana kallo. Masu kula ba su hukunta kowa ba. Sun bayyana mata cewa wasan Kanawa da Zagezagi tsohon abu ne, kamar na Fulani da Barebari, kuma su biyun sun san iyakarsa. Amma sun ce wa abokan wasan su riƙa ajiye shi zuwa mintunan gaisuwa na ƙarshe, kada ya shiga tsakiyar nassi, wanda kuma ba ya cikin wasan kada ya ɗauka ya yafa.

Yadda ake gyara mutum ma abin koyi ne. Tun 2022 WhatsApp ya ba masu kula da zaure ikon goge saƙon kowa, sai dai yana nuna wa jama'a cewa mai kula ne ya goge, wanda kuma aka yi wa haka a gaban mutane yakan ji kunya ya yi zuciya. Saboda haka sukan bi Matiyu 18:15, su same ka kai kaɗai tukuna. Mama takan rubuta, "Ɗan'uwa, salama. Dubi saƙonka na ɗazu, ko za ka cire da kanka?" Mafi yawa suna cirewa, ba wanda ya san an yi. Wanda ya ƙi, a goge masa. Wanda ya maimaita, a fitar da shi na kwana uku, abin da 'yan ajin suka raɗa wa shiga cikin kifi, saboda Yunusa. In ya dawo, ana yi masa barka da fitowa, shi ke nan, ba a tayar da maganar.

Gwaji mafi girma shi ne daren da aka yi musu kan baftisma. 'Yan Angilikan da Lutheran da Katolika suna yi wa jarirai, mu da 'yan EYN sai mutum ya girma ya ba da gaskiya a nutsar da shi. Kafin ƙarfe 9 an fara kiran juna da sunayen da ba su dace ba. Aka kulle zauren. Washegari aka ware dare guda, kowane ɓangare ya zaɓi mutum ɗaya ya yi bayanin minti biyar, aka yi tambayoyi, ba a yanke hukunci ba, aka rufe da Romawa 14, mai gargaɗi kada a hukunta juna. Ban canza ra'ayi ba, ban kuma ji wanda ya canza ba, amma a wannan dare na fara jin dalilin ɗan Lutheran daga bakinsa. A makon Ista kuma, da muka tsaya kan Yohanna 13, 'yan EYN suka ba mu labarin yadda suke wanke wa juna ƙafa a ikilisiya, abin da ni a takarda kawai na san shi.

Yanzu ga inda takalmin ke matsa mini. Dokar ba ta hawa kan manya. Saƙon murya bai kamata ya wuce minti uku ba, saboda masu ƙaramar data. Akwai wani Baba Rabaran mai ritaya da nasa ke kai kwata na awa, kowa ya san ana ƙara masa gudu ninki biyu ake ji, ba mai cewa uffan. Wannan da sauƙi. Amma ranar da muke kan matan Sulemanu ya yi raha cewa da 'yan matan zauren sun rayu a zamanin, da duk sun samu miji. Akwai mata a ajin da suka haura arba'in ba aure, ɗaya ta fita a daren ba ta dawo ba. Saƙon ya kwana, ya wuni. Saurayin da ya zana beyar kuwa nan take aka cire nasa. Da na yi wa Mama magana a gefe, ta ce, "'Yata, Baba ne fa, wa zai iya?" Na fahimce ta, ni ma ba zan iya goge maganar sa'an mahaifina ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Sai dai 1 Timoti 5:1 da ake fakewa da ita ba ta tsaya a kan kada a tsauta wa dattijo ba, ta ci gaba da cewa a roƙe shi kamar uba. Rabin farko suka riƙe. Matasa suna lura da wannan, na kuma ga wasunsu sun rage magana tun daga lokacin.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Awa biyu ba sa isa in nassi ya yi daɗi, sau da yawa ana kullewa tambaya na rataye, kafin Laraba an manta da ita. Masu aikin dare ba su da rabo sai karatun baya. Babu kuma inda ake tara darussan da suka wuce, wanda ya canza waya ko ya shigo a tsakiya sai ya yi ta roƙon a turo masa.

Abu biyu na tsaro sun cancanci yabo. Ba a shiga ta hanyar mahaɗin da ke yawo, sai wani ɗan aji ya tsaya maka masu kula su amince, domin a zaure kowa na ganin lambar kowa, akwai kuwa waɗanda danginsu ba su san suna nazarin nan ba. Sannan duk wata sai saurayin nan na cikin masu kula ya tuna mana da 'yan damfarar da ke kira su ce za a yi taron addu'a ta intanet, a karanto musu lamba shida da aka turo, su ƙwace wa mutum WhatsApp su bi 'yan'uwa da roƙon kuɗi. Shi ya bi tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya ya koya musu sa lambar sirri ta biyu. Buƙatun addu'a ma ba a zuba su a fili. Mama ake tura wa, ita ta kawo su ba suna, don haka matsalar auren wani ba ta zama abin hira.

Wanda ke neman wurin da zai riƙa zuba wa'azinsa ko bidiyon annabce-annabce, ko mai son a tabbatar masa ɗariƙarsa ce kaɗai a kan hanya, zai gaji da ajin nan cikin mako guda. Wanda zai iya karanta sura biyu kafin dare, ya kuma jure a ce masa cire saƙonka, zai ƙaru. Ni zan ci gaba. Na rubuta wa masu kula shawarar su ƙara mutum na huɗu a cikinsu, dattijo ko dattijuwa mai furfura, wanda zai iya kiran Baba Rabaran a waya su yi maganar manya. Faston ya ce za su duba kafin mu shiga littafin Ayuba.