Ajin dare na lissafin kwankur a Yamai: inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a buɗe kwankur, wato jarrabawar gasa, ta shiga aikin gwamnati, ko ta jandarma, duwan, ƴan sanda ko ENA, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati, sai azuzuwan shiri su cika Yamai. Da yawansu fotokwafin tsofaffin tambayoyi kawai suke rabawa, malami ya karanta amsa, a watse. Wannan da muke magana a kansa, wanda ake yi a ɗakunan wata lakwal mai zaman kanta a wajen Bukoki bayan sallar isha'i, ya fita daban. Wanda yake da tushen lissafin birebe, wato na ƙarshen ƙaramar sakandare, saurin aiki da lura kawai suka rage masa, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Wanda bai riƙe jadawalin ninkawa ba kuwa, wahala zai sha.

Awa biyu ake yi kowane zama. Kwata na farko lissafin ka ne zalla, wayoyi duka cikin kwali a bakin ƙofa. Wannan daidai ne, don bai kamata ɗan takara ya sa rai za a bar shi ya taɓa waya ko na'urar lissafi ranar jarrabawa ba. Malamin yana jefo tambaya, a rubuta amsa a allo a ɗaga. Ninkawa da 25, a ninka da 100 a raba huɗu: 48 sau 25, wato 4 800 raba huɗu, 1 200. Ɗaya bisa takwas kashi 12,5 cikin ɗari ne, a haddace, ba sai an tsaya rabawa ba. A nan ne yake kama wata matsala tamu ta gida: mutum ya saba lissafin kuɗi da dala, ya yi aikinsa daidai a ka ya samu dala 300, sai ya rubuta 300 a takarda, alhali sefa ake tambaya, amsar 1 500 ce. Shi ya sa ya hana kowa rubuta adadi tsirara, sai da abin da ake ƙirgawa a gefensa: sefa, lita, mita ko minti.

Ƙarfin ajin yana wajen kashi cikin ɗari, kuma nan ne maki suka fi zubewa. Ga buhun da ake sayarwa jika biyar, aka ƙara masa kashi 20, daga baya aka rage kashi 20. Kusan kowa zai ce ya koma 5 000. Bai koma ba. Ƙarin ya kai shi 6 000, ragin kuma a kan 6 000 ɗin ake yinsa, wato 1 200, saura 4 800. Dalilin kuskuren ɗaya ne kullum: an manta a kan wane kuɗi ake ɗaukar kashin. Maganin da ake koyarwa shi ne a mayar da kowane ƙari ko ragi abin ninkawa. Ƙarin kashi 20, a ninka da 1,2. Ragin kashi 20, a ninka da 0,8. A haɗa su, 0,96, ka ga asarar kashi 4 ta fito fili ba tare da an san farashin ba ma. Da wannan hanyar ake warware tambayar TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wanda a Nijar kashi 19 ne. An ba ka farashi da haraji a ciki, 11 900, ana son farashin kafin haraji. Mai gaggawa zai cire kashi 19 daga 11 900 ya samu 9 639, kuma masu shirya tambayoyin zaɓi sun san da shi, irin wannan amsar ce suke ajiye masa cikin jerin. Rabawa ake yi da 1,19, a samu 10 000 cif. Malamin ba ya barin wurin sai an juya an gwada: kashi 19 na 10 000 shi ne 1 900, a tara, 11 900. Gwajin daƙiƙa goma ne, ya fi minti biyu na shakka.

Haka yake yi da ƙa'idar uku, inda ake ba ka adadi uku ka nemo na huɗu. Kafin a taɓa biro sai an amsa tambaya guda da baki: amsar za ta ƙaru ne ko za ta ragu? Magina 6 sun gama katanga a kwana 10, magina 4 fa? Hannu ya ragu, dole kwana ya ƙaru. Aikin duka kwanan mutum 60 ne, a raba wa 4, kwana 15. Wanda ya yi ninkawar gicciye da ido rufe zai samu kwana 6 da ƴan kai, ya miƙa takarda bai lura ya ce mutum huɗu sun fi shida sauri ba. Tambayar famfo biyu ma ba a wahalar da kai da ɓangarori: ɗaya yana cika tanki a awa 3, ɗayan a awa 6, sai a ɗauka tankin lita 60 ne, na farko yana zuba 20 a awa, na biyu 10, tare 30, awa 2 ke nan.

Gudu da nisa ma an ba su haƙƙinsu. Mota ta yi kilomita 140, kusan tsakanin Yamai da Doso, da gudun 70 a awa, ta dawo da gudun 35. Tara 70 da 35 a raba biyu yana ba da 52,5, kuma kuskure ne, domin motar ta fi daɗewa tana tafiyar hawainiya: awa 2 zuwa, awa 4 dawowa. Kilomita 280 cikin awa 6, kimanin 46,7. Ana kuma yawan maimaita cewa awa ɗaya da minti 30 ita ce 1,5 ba 1,30 ba, kuma awa 2,25 awa biyu da kwata ce. Ƙaramin abu ne, amma yana kayar da masu digiri.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ake bi da Faransancin tambaya. Jarrabawar da Faransanci take zuwa, kuma sau da yawa ba lissafin ne ke kayar da mutum ba, jimlar ce bai kama ba. Malamin yakan tsayar da ɗalibi ya ce: "Malama, faɗa mini da Hausa ko da Zabarmanci, me aka ba ki, me ake nema?" In ta kasa faɗa, ba a ci gaba. Wannan yana cin lokaci, wasu har ƙorafi suke yi, mu kuwa muna ganin shi ne rabin aikin.

Sai gazawa, kuma ba ƙarama ba ce. Takardun aikin gida an yi ta fotokwafinsu daga fotokwafi har waƙafi ya ɓace a wasu wurare, 2,5 ya zama 25, kuma takardar amsoshi tana da kurakuran da ba a gyara ba. A tambayar ruwan bashi, sefa 200 000 a kan kashi 6 a shekara na wata 9, amsar 9 000 ce, wato 12 000 na shekara sau uku bisa huɗu. Takardar ta ce 12 000. Ɗalibin da ya yi daidai a gida shi kaɗai zai soke aikinsa ya bi takarda, wannan cutarwa ce, kuma gyaranta bai wuce zaman yini guda na malami da jan biro ba.

Ɓangaren jerin lambobi da gwajin basira an yi masa riƙon sakainar kashi. Ana nuna dabarar duba tazara, kamar 2, 6, 12, 20, 30, inda tazarar take 4, 6, 8, 10, saboda haka na gaba 42, sai a tsaya nan. Ba a taɓa jerin da aka saƙa biyu cikin ɗaya, ba a kuma taɓa gwajin domino, ƴan allunan wasa masu ɗigogi daga 0 zuwa 6, bayan 6 a komo 0. Wanda bai san wannan ba zai yi ta neman 7 da babu shi. Awon fili da na ruwa ma a gurguje ake wucewa, alhali gona mai mita 250 da 120, wato murabba'in mita 30 000, a ce hekta nawa ce, irin tambayar da ake so ce ƙwarai. Hekta ɗaya murabba'in mita 10 000 ce, amsar 3, amma wanda ya saba matsar da waƙafi gida ɗaya a awon tsawo zai manta a awon fili gida biyu ake matsarwa.

Akwai kuma gwajin tara, dabarar duba ninkawa ta hanyar haɗa lambobin kowane adadi har su koma lamba ɗaya, da ake koyarwa kamar ba ya kuskure. Yana da amfani: 347 sau 26 ya ba da 9 022, lambobin 347 sun tattaru zuwa 5, na 26 zuwa 8, biyar sau takwas 40, wato 4, kuma 9 022 ma ya tattaru zuwa 4. Amma 9 202 ma 4 zai bayar, haka 90,22. Ba ya ganin lambobin da suka sauya gurbi, ba ya ganin waƙafi. Ya kamata a faɗa wa ɗalibai haka, a haɗa shi da kintace: 350 sau 26 ai 9 100 ne, dole amsar ta zauna ƙasa da haka kaɗan.

Ɗakin yana cika, benci na mutum uku yakan ɗauki huɗu, kuma in wuta ta ɗauke a lokacin zafi karatu yakan tsaya. Jarrabawar gwaji ta ƙarshen mako ana yinta da agogo, an yi kyau, sai dai maki kawai ake mayarwa ba a nuna layin da mutum ya ɓace. Wanda zai yi rajista ya nemi a ba shi takardarsa ya zauna da malamin ko na minti biyar ne, ya riƙe kaye guda na kurakuransa kaɗai, ya kuma nemi littafin gwajin basira daban tun makon farko, domin ajin ba zai ba shi wannan ba.