Wata tara a wata cibiyar koyon kwamfuta da haɗa bidiyo a Maraɗi

Ni ne ke riƙe da littafin lissafin shagon kawuna a babbar kasuwar Maraɗi, inda muke sayar da aya da wake da riɗi buhu-buhu, kuma a ranakun da babu ciniki nakan ɗauki hoton biki da suna da wayar hannu. Karatuna na boko ya tsaya ne bayan na ci BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Bara na yi rajista a wata cibiya mai zaman kanta da ke koyar da aikin kwamfuta, wanda a nan muke kira anfarmatik, tare da ɗaukar sauti da hoto da haɗa su, na kuma yi wata tara cur ina zuwa. Tun da na gama, matasa da iyaye suke tare ni suna tambaya ko kuɗin da na kashe ya biya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan koka.

Ana shiga aji sau uku a mako, daga bayan la'asar zuwa magariba, kuma ana biyan jaka 15 a wata ban da kuɗin rajista. Wata huɗu na farko na kwamfuta ne zalla, sauran biyar kuma na sauti da hoto. Mai cibiyar ya ce mana ya ɗauko tsarin ne daga kwalejojin al'umma na Amurka, inda ɗalibi ke yin shekara 2 yana tara makin darussa da ake kira kiredit kusan 60, ya fita da difloma ta sana'a ko kuma ya wuce jami'a da abin da ya tara. Kamannin ya tsaya ne ga haɗa darussa biyu a tsari ɗaya da kuma karɓar mai aiki da rana. Maganar wucewa jami'a babu ita a nan, kuma zan dawo kanta.

Darasin farko da ya ratsa ni shi ne na allon rubutu. Rabin injinan ajin daga Kano aka sayo su, haruffansu a jere irin na Ingilishi da ake kira QWERTY, sauran kuma irin na Faransanci ne, AZERTY, wanda shi ne aka saba gani a ofisoshin ƙasarmu. Malamin bai ɗauki wannan a matsayin cikas ba. Kowane mako sai ya sauya mana wurin zama, yana cewa ɗan Maraɗi da ke cin kasuwar Jibiya da Katsina ba shi da dalilin sanin allo ɗaya kaɗai. Haka ya yi mana da manhajar lissafi ta Excel: ya nuna mana cewa abin da na Faransanci ke kira SOMME shi ne SUM a na Ingilishi, RECHERCHEV kuma shi ne VLOOKUP, sannan inda wancan ke raba sassan lissafi da waƙafi mai ɗigo, wannan waƙafi kawai yake so. Ƙaramin abu ne a baki, amma na ga ma'aikata da suka shekara suna aiki da injin suna tsayawa cak saboda shi. Ya kuma koya mana yadda ake fitar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, abin da ban taɓa ganin an kula da shi ba a wuraren buga takardu na gari.

Inda na fi cin riba a wannan ɓangare shi ne rumbun bayanai, wanda muka yi da manhajar Access. Malamin ya ce kowa ya kawo matsalar gidansu, ni kuwa na kawo littafin bashin shagonmu. Muna da abokan ciniki uku masu suna ɗaya, ɗaya daga Tibiri, ɗaya daga Gidan Rumji, ɗaya daga cikin gari, kuma sau biyu ana rubuta bashin wani a shafin wani. Ya sa na ware teburi uku, na mutane, na kaya da na ciniki, na ba kowane mutum lambar da ba ta maimaituwa, sannan na ɗaure teburan da juna ta wannan lambar. Ranar da na nuna wa kawu cewa da latsawa ɗaya zan fitar masa da duk buhunan ayar da mutumin Tibiri ya ɗauka tun kaka, da abin da ya biya da abin da ya rage, ya daɗe yana duban allon kafin ya ce, "Ɗana, wannan kam ka kawo gida." Har yau da shi muke aiki.

Darasin haɗa injina da juna da na gyara kuwa an yi mana shi ne a gurguje. Sau ɗaya muka matse kan wayar sadarwa da hannunmu, sau ɗaya aka buɗe mana cikin inji muka ga ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa, shi ke nan aka wuce. Wanda ya zo don ya zama mai gyara ba zai ƙoshi ba.

Malamin sauti tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, kuma shi ne dalilin da zai sa in ce wa mutum ya je. Mako uku bai bari mun taɓa kyamara ba. Ra'ayinsa shi ne mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai duhu, amma da zarar murya ta dagule zai kashe ya tafi. Wata ranar hunturu ya fita da mu bakin tasha, ya sa na ɗauki hira da wani mai shayi, iska na kaɗawa, ƴan kabu-kabu na wucewa. Da muka koma aji ya buɗe abin da na ɗauka a Audacity, ya nuna mini inda igiyar sautin ta daki rufi ta baje kamar an aske ta da reza, ya ce abin da ya fashe a nan babu injin da zai ɗinke shi. Ya sa na koma washegari da soso a kan makirufo, na juya wa iska baya, na riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ina sa ido kada ma'aunin ƙarfin sautin ya wuce tsakanin -12 da -6, kunnena kuma sanye da abin saurare tun daga farko har ƙarshe. Kafin in tashi ya ce in ɗauki minti ɗaya na hayaniyar wurin ba tare da kowa ya yi magana ba, domin da ita ake cike gurbin da aka yanke. Da na saurari hirar ta biyu, har ƙarar cokali a cikin kofi ana ji, muryar mai shayin kuma tana zaune daram a samanta. Na ce masa, "Malam, ashe shekara uku ina ɓata wa mutane bikinsu ta wajen sauti." Ya ce yanzu da na ji da kunnena, ba zan sake ba.

A wajen hoto ma an ba mu dalili, ba umarni kawai ba. An bayyana mana cewa wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ake ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa. Idan ka bar wayarka a kan 30 kamar yadda take zuwa daga kamfani, kana iya ganin hasken wasu fitilu yana rawa a cikin bidiyon. An koya mana kada mu tsayar da mutum rana na bayansa, da yadda farin zane ke mayar da haske kan fuska, da dalilin ɗaukar sautin bidiyo a kan kilohaz 48.

Matsalar ta fara ne da muka zo haɗawa. Mu 18 ne a aji, injinan da ke aiki 7, kuma biyu kaɗai ke iya ɗaukar Premiere Pro, manhajar haɗa bidiyo, ba tare da sun sandare ba, domin sauran ƙwaƙwalwarsu giga 4 ce. A darasin awa biyu, wani lokaci minti 20 ne rabona, sauran lokacin ina tsaye a bayan wani ina kallo, alhali haɗa bidiyo aikin hannu ne kamar ɗinki. Da zafi ya shigo a watan Afrilu, yankewar wuta ta ƙaru, sai aka fara karɓar kuɗin man gurup, wato janareta, a hannunmu, abin da ba a faɗa mana ba ranar rajista. Na san matsalar wuta ta fi ƙarfin cibiya guda, tunda kaso mai yawa na wutar ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga halin da aka shiga da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Amma wanda ke karɓar kuɗin mutane don koyar da aikin da ba ya yiwuwa sai da wuta, kamata ya yi ya sa kuɗin mai ko na faranti mai aiki da hasken rana cikin lissafinsa tun farko. Abin da ya cece mu shi ne malamin ya koma koya mana CapCut a wayoyinmu, muna yin aikin gida da shi.

Akwai kuma giɓin da ya dame ni fiye da na injina. Ba a ware ko darasi ɗaya kan neman izini kafin ɗaukar mutum ba, alhali mafi yawanmu bikin aure za mu riƙa ɗauka, cikin gidajen mutane, tsakanin matan aure, kuma bidiyo ɗaya da ya fita WhatsApp ba da yardar mai shi ba yana iya kashe aure. Haka nan ba a yi mana bayanin haƙƙin mawaƙi ba, ko da yake ƙasar nan tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma kowannenmu yana ɗora waƙar wani a kan aikinsa.

Takardar da ake bayarwa a ƙarshe shaidar halartar horo ce ta cibiyar, ba difloma ta gwamnati ba, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka ƙarara tun a bakin ƙofa, domin na ga uban da ya ɗauka ɗansa zai shiga aikin gwamnati da ita. Mai neman takardar da hukuma ta sani a fannin jarida da fasahar sauti da hoto, makarantar ESSCOM da ke Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, ita ce sananniyar hanya. Mai BAC kuma, wato takardar kammala sakandare, da ke son karatun fasaha a nan gida yana da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. An yi mana alkawarin tura mu gidajen rediyo don sanin makamar aiki, amma mutum huɗu kawai aka samar wa wuri, ni da kaina na nemi nawa.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Na shiga ina ɗaukar hoto da ka, na fito ina iya faɗin dalilin kowane abu da nake yi, kuma littafin bashin shagonmu ya daina rikicewa. Ƙanwata ta ce tana son shiga zangon da za a buɗe bayan salla. Na ce mata ta je, amma kafin ta biya ko dala ta shiga ajin da kanta ta ƙirga injinan da ke kunne, ta tambayi adadin ɗaliban da aka ɗauka, a rubuta mata a takarda wanda zai sayi man gurup, sannan ta tabbatar malamin sautin nan yana nan bai tashi ba.